"Dole Ne?": Fashin Baƙin 'Yar Waƙar da Beethoven Ya Rubuta Saboda Fulorin 50

A shekarar 1826, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani ma'aikacin gwamnati mai abin hannunsa, sunansa Ignaz Dembscher, ya miƙa ƙoƙon bararsa ga shahararren mai tsara kiɗa Ludwig van Beethoven. Aron takardu yake nema, takardun wani sabon kiɗa da Beethoven ya tsara, don ya tara makaɗa a falonsa su kaɗa masa shi da baƙinsa. Wanda ke shiga tsakani, wani matashi mai suna Karl Holz, ya komo masa da sharaɗi: maigida ya ce ko falle ɗaya ba zai fita ba sai an biya fulorin 50, kuɗin ƙasar na wancan zamani. Dembscher ya yi dariya, ya ce da Jamusanci, "Muss es sein?" Wato, "Dole ne?"

Holz ya kwashi maganar ya kai. A lokacin Beethoven yana da shekara 55, kunnensa ya daɗe da toshewa, sai an rubuta masa magana yake sanin abin da aka ce. Da tambayar ta iso gare shi sai shi ma ya tuntsire da dariya, ya jawo takarda, nan take ya zana 'yar waƙa ta muryoyin maza huɗu. Ga kalmominta kakaf: "Es muss sein, es muss sein, ja, ja, ja, ja! Heraus mit dem Beutel!" A Hausance: "Dole ne, dole ne, ƙwarai, ƙwarai, ƙwarai, ƙwarai! Fito da lalita!"

Shi ke nan waƙar. Idan aka rera ta sau ɗaya ba ta cin minti guda. Da a nan maganar ta tsaya, da ta bi sahun sauran 'yan waƙoƙin raha da yakan cusa a wasiƙu, masana kaɗai ke tunawa da su. Amma bayan 'yan watanni sai ya ɗauko wannan kari na "Dole ne" ya gina kashin ƙarshe na kiɗan goge huɗu da ya rufe rayuwarsa da shi, ya rubuta a samansa: "Der schwer gefasste Entschluss", wato shawarar da aka sha wuya kafin a yanke ta. Tun daga nan ake ta kai ruwa rana. Wasu suka ce tsoho ne yake fuskantar mutuwa yana tambayar ƙaddara. Wasu suka ce a'a, barkwanci ne kan marowaci, mutane ne suka ɗora masa nauyin da ba shi da shi. Ni kuwa ina ganin ba za a gane ko ɗaya daga cikin biyun ba sai an fara gane irin waƙar da ya zaɓa, sannan a gane kuɗin nan na wane ne.

Turawa suna kiran irin wannan waƙa kanon. Mu abin da kunnenmu ya saba da shi a waƙar taro shi ne bayarwa da amshi: mawaƙi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, ya sake ja, su sake karɓa, kowa da nasa kalmomin da nasa lokacin. Kanon ba haka take ba. Babu uban waƙa, babu ɗan amshi. Kari ɗaya ne tak, kowa shi zai rera daga farko har ƙarshe, sai dai ba tare ake farawa ba. Na farko ya fara shi kaɗai. Yana kaiwa wata gaɓa da aka ƙayyade, na biyu ya ɗauko daga farko, shi kuwa na farkon bai dakata ba, yana ta tafiya. Haka na uku zai shigo, haka na huɗu. Shi ya sa ni nake kiranta waƙar bin sawu, don kowace murya a kan sawun ta gabanta take aza ƙafa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tun da muryoyin suna hawa kan juna, farkon karin zai haɗu da tsakiyarsa a lokaci guda, tsakiyar kuma ta haɗu da ƙarshe. Ka ɗauka kana da doguwar igiya mai launi-launi, aka ce ka ninka ta gida huɗu, kuma duk inda ninki ya hau kan ninki sai launukan sun dace da juna. Idan ka canza launi a wuri ɗaya don ya yi kyau, ka ɓata wurare uku. Haka mai tsara kanon yake. Sauti ɗaya da ya zaɓa a gaɓar farko ya riga ya ɗaure masa hannu a gaɓa ta biyu da ta uku da ta huɗu. Sunan ma daga nan ya fito: kalmar Girkanci ce mai nufin sandar awo ko doka, kuma daga gare ta Larabawa suka samo "ƙanun", kalmar da duk wanda ya ɗan taɓa Larabci ya san tana nufin doka. Tsohuwar dabara ce ƙwarai. Akwai wata irinta da aka rubuta a garin Reading na Ingila tun wajen tsakiyar ƙarni na 13, takardar na nan har yau a Landan.

Beethoven bai tsinci wannan fasaha a hanya ba. An haife shi a Bonn a 1770, ya koma Biyana a 1792 don ya yi karatu a gaban Joseph Haydn, daga baya ya koma hannun Johann Georg Albrechtsberger, malami mai tsanani a ilmin saƙa muryoyi. A wurin irin waɗannan malamai kanon darasin almajiri ce, da ita ake gwada ko hannun yaro ya faɗa. Amma kuma ita ce abin shaƙatawar manya. Haydn da ya tsufa sai ya sa aka rubuta kanon ɗinsa da kyakkyawan rubutu, aka sa su cikin firam, ya rataye a bangon ɗakin kwanansa a unguwar Gumpendorf a madadin hotuna. Mozart ma a watan Satumba na 1788 ya shigar da guda goma cikin kundin ayyukansa a rana ɗaya, wasu na ibada, wasu na zolayar abokai. A Biyana ta wancan zamani abu ne da abokai ke yi bayan cin abinci: a zauna a teburi, a miƙa takarda, kowa ya ɗauki murya.

Beethoven ya bar irin waɗannan kusan arba'in, kuma da yawansu a shekarunsa goma na ƙarshe ya rubuta su. Bai ba su lamba cikin jerin manyan ayyukansa ba, don ba na kasuwa ba ne. Sai a 1955, da kundin Georg Kinsky da Hans Halm ya fito, aka jera su ƙarƙashin haruffan WoO, taƙaicen Jamusanci na "ayyuka marasa lamba". Tamu ta "Dole ne" ita ce ta 196.

Akwai abin da ke taɓa min zuciya a nan. Tun a 1802, a wata wasiƙa da ya rubuta wa 'yan'uwansa daga ƙauyen Heiligenstadt amma bai taɓa aikawa ba, ya bayyana cewa abin da ya fi ci masa rai a kurumtarsa shi ne yadda ta raba shi da zaman hira. Daga 1818 baƙonsa sai dai ya rubuta magana a ɗan littafi ya miƙa masa, shi kuma ya amsa da baki. Sama da 130 na waɗannan littattafan hira sun tsira. To, mutumin da hira ta gagara, wane irin abu ya riƙa yi wa abokansa kyauta da shi? Waƙar da mutum ɗaya ba zai iya rera ta shi kaɗai ba. Sai an taru, sai kowa ya kasa kunne ya ji inda ɗan'uwansa ya kai kafin ya shigo. Shi da ya tsara ta ba zai ji ko murya ɗaya ba, amma ya san daidai inda kowace za ta sauka.

Wani sa'in ma kacici-kacici yake mai da ita. Ya rubuta layi ɗaya kawai, ya bar wanda aka aika wa ya gano da kansa a ina murya ta biyu za ta shigo, kuma daga wane sauti. Baƙi daga nesa sukan tafi da irin wannan tsaraba. A Satumba ta 1825 wani shugaban makaɗa daga Landan, Sir George Smart, ya ziyarce shi, Beethoven ya ba shi 'yar kanon a kan tsohuwar maganar Latin mai cewa fasaha doguwa ce, rayuwa gajeriya. A wannan watan dai ya yi wa Friedrich Kuhlau, mai tsara kiɗa da ke zaune a Kwapanhagan, wata da ya yi wasa da sunansa a ciki.

Yanzu sai batun kuɗi, wanda a nan ne masu cewa "barkwanci ne kawai" suke saurin wucewa.

Kiɗan da Dembscher ke neman aro shi ne mai lamba 130, ɗaya daga cikin uku da wani basaraken Rasha, Nikolai Galitzin, ya yi odarsu a 1822 a kan dukat 50 na zinariya kowanne. Kiɗa ne na makaɗa huɗu: ƙananan gogen Turawa biyu, matsakaici ɗaya da ake kira biyola, da babba mai kaurin murya da ake kira calo. An fara kaɗa shi a bainar jama'a ranar 21 ga Maris, 1826. Jagoran makaɗan shi ne Ignaz Schuppanzigh, Holz ɗin nan yana riƙe da goge na biyu, Franz Weiss da biyola, Joseph Linke da calo. Mutane suka ji daɗin gajerun kasusuwan tsakiya har suka sa aka maimaita biyu, amma kashin ƙarshe, wata ƙatuwar saƙar muryoyi mai kwarjini, ya ɗaure musu kai. Wani mai sharhi a jarida ya ce bai fahimci komai ba, kamar ana yi masa Sinanci.

Dembscher bai je wannan taro ba. Kuma ba rashin hali ya hana shi ba, ba kuma rashin son kiɗa ba, tun da shi ne mai tara makaɗa a gidansa. So yake a kawo masa har falo. A tuna fa, a 1826 babu faifai, babu rediyo. Na'urar ɗaukar murya ta Edison sai a 1877 ta zo. Kiɗan kuma ba a riga an buga shi a maɗaba'a ba, sai a 1827 ya fito. Ke nan duk duniya babu hanyar jin wannan kiɗa sai ta hannun mai riƙe da takardun da aka kwafa da alƙalami, kowane makaɗi da nasa. Takardun nan su ne jarin. Wanda ya ba da aronsu kyauta ya ba da kasuwar gaba ɗaya.

Fulorin 50 ɗin kuwa ba aljihun Beethoven za su shiga ba. Cewa ya yi a kai wa Schuppanzigh, a madadin kuɗin da Dembscher ya ƙi kaiwa ranar taro. Wannan shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai. Schuppanzigh na cikin mutanen farko a Turai da suka fitar da kiɗan goge huɗu daga falon sarakuna suka kai shi zauren da kowa zai biya ya shiga. Tun wajen 1804 ya fara shirya jerin taruka a Biyana, masu sha'awa su biya kuɗin jerin tun kafin a fara. Daga 1808 ya samu inuwa a gidan jakadan Rasha, Razumovsky, amma gobara ta cinye fadar a ƙarshen 1814, ƙungiyar ta watse, shi kuma ya tafi Rasha neman abinci, bai dawo ba sai 1823. Da ya dawo, Beethoven da kanon ya tare shi, yana kiransa da laƙabin da ya saba tsokanarsa da shi saboda ƙibarsa, yana cewa ya fito a gan shi. Abota ce ta shekara talatin. Wannan mutum da abokan aikinsa uku su ne suka zauna suka yi ta fama da kiɗan da kowa ke cewa ba ya kaɗuwa, har ya kaɗu. Idan masu hali suka koyi zama a gida suna jiran a kawo musu a bulus, sana'ar waɗannan mutane ta mutu, sabon kiɗa kuma ya rasa masu kaɗa shi.

Shi kansa Beethoven ya san zafin alkawarin manya. A 1809, da aka yi masa tayin aiki a Kassel, manyan Biyana uku, Yarima Rudolph da Lobkowitz da Kinsky, suka sa hannu za su riƙa ba shi fulorin 4,000 duk shekara don ya zauna. Bayan shekara biyu gwamnatin Ostiriya, wadda yaƙe-yaƙen Napoleon suka tatse, ta karya darajar kuɗin takarda zuwa kashi ɗaya cikin biyar. A 1812 Kinsky ya faɗo daga kan doki ya rasu, Lobkowitz kuma bashi ya yi masa katutu, sai da aka yi ta shari'a da rubuce-rubuce kafin a daidaita. Babban kiɗansa na tara, wanda aka fara kaɗawa ranar 7 ga Mayu, 1824, ya cika zaure maƙil, amma da aka cire kuɗin ɗawainiya abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Galitzin ma da ya yi odar kiɗan nan, Beethoven ya mutu yana binsa bashi. Saboda haka in ya ce "Fito da lalita", dariya yake yi, amma dariyar wanda ya daɗe yana ganin masu kuɗi na yabon aiki suna ƙin biyan gumi. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mun san zambo, mun san makaɗi ba shi da kotun da zai kai mai hannun jarirai sai bakinsa.

A nan ne nake ganin zaɓen kanon ya wuce sabo kawai. Mutum ɗaya ya tambaya, "Dole ne?" Maimakon murya ɗaya ta amsa masa, sai huɗu suka taso masa bi da bi. Ta farko na cewa dole ne, kafin ta rufe baki ta biyu ta ɗauko, ta farkon ta wuce zuwa ƙwarai, ƙwarai, can wata na kiran lalita. Ko'ina ya juya amsa ɗaya ce. Kuma muryoyin su kansu a ɗaure suke: ta biyu ba ta da ikon kauce wa abin da ta farko ta faɗa ko da sauti ɗaya. Waƙa ce a kan tilas, an zuba ta a tsarin da shi kansa tilas ne. Adadin ma huɗu ne, daidai da makaɗan da ake nema wa haƙƙi.

Karin "Es muss sein" sauti uku ne kacal, kuma daga bakin mutum aka ɗauko shi. Gwada da kanka da Hausa. Faɗi "Dole ne?" kana tambaya: za ka ji muryarka ta ɗaga a ƙarshe, ta rataya tana jiran amsa. Sake faɗin "Dole ne!" kana yanke hukunci: muryar ta sauko ta zauna daram. Kalmomin ba su canza ba, tashi da saukar murya ne suka raba tambaya da amsa. Mai jin harshen da kalangu ke iya kwaikwayonsa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Abin da Beethoven ya yi ke nan da goge. A kanon ɗin amsa kawai ya sa: sauti ya fara, ya ɗan hau, sannan ya faɗo ƙasa da inda ya faro, sai a maimaita daga mataki ɗaya ƙasa. Da ya zo tsara kiɗan goge huɗu sai ya ƙirƙiro tambayar ta hanyar kifar da amsar kamar ƙwarya: sauti ya fara, ya ɗan sauka, sannan ya yi tsalle ya tsaya kaɗan sama da inda ya faro, a wani wuri mai tsami da kunne ba ya samun natsuwa a kai. Inda amsa ta hau, tambaya ta sauka. Inda amsa ta sauka, tambaya ta hau. Jamusanci ma haka ya yi, kalmomi uku ne aka sauya wa wuri.

Tsakanin kanon ɗin da kiɗan kuwa wani babban abu ya faru a gidansa. Tun da ƙanensa Kaspar ya rasu a 1815, Beethoven ya ɗora ransa a kan ɗan marigayin, Karl. Ya shafe shekara biyar yana shari'a da uwar yaron kan riƙo, ya yi nasara a 1820. Yana son yaron so mai tsanani, amma so ne mai shaƙewa: sa ido, tuhuma, faɗa, hana shi ganin uwarsa. A tsakiyar 1826 Karl, yana ɗan shekara 19, ya hau kangon wata tsohuwar ganuwa kusa da garin Baden ya harbi kansa. Allah ya yi da sauran kwana, harsashin bai kashe shi ba. Da ya fara murmurewa ya ce shi soja yake so ya shiga, abin da baffansa ya daɗe yana ƙi. Wannan karon ba yadda Beethoven ya iya. A ƙarshen Satumba suka tafi tare gonar ɗaya ƙanen nasa, Johann, a ƙauyen Gneixendorf kusa da Krems, don raunin ya warke kafin yaron ya tafi bariki. A can, cikin Oktoba, ya kammala kiɗa mai lamba 135, wato kiɗan goge huɗun nan na "Dole ne".

Ga yadda kashin ƙarshen yake tafiya. Babu mai rera kalma ko ɗaya. Kalmomin a saman takarda kawai aka rubuta su, makaɗa ne ke ganinsu. Kashin da ya gabace shi wani lallausan kiɗa ne mai tafiya a hankali kamar ana lallashin jariri. Yana ƙarewa sai calo da biyola su yi tambayar da kakkaurar murya, a hankali, cikin duhu. Ƙananan gogen su amsa da wani irin nishi. A sake tambaya, da ƙarfi. Kwatsam sai gari ya waye: ƙananan gogen biyu su fashe da "Dole ne! Dole ne!" da gudu, da fara'a, karin nan dai na lalitar Dembscher. Daga bisani calo ya kawo wani kari mai sauƙi kamar na wasan yara. Mai saurare ya ɗauka an gama da tambaya, sai ga ta ta komo a tsakiya, ta fi da muni, gogen na karkarwa a kanta. Amsar ta sake korar ta. Dab da ƙarshe amsar ita ma ta ɗan yi jim, ta fito a sanyaye kamar mai shakka, sannan makaɗan su riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali, kamar masu sanɗa, kafin su rufe da ƙarfi gaba ɗaya. A gefen rabi na biyu ya bar wa makaɗa umarni da Italiyanci cewa su maimaita shi in sun ga dama.

Labarin asalin kalmomin ya zo ta baki uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na Holz shi ne wanda na fara da shi, kuma shi ne mai shaida, tun da kanon ɗin na nan da maganar lalita a ciki. Anton Schindler, wanda ya taɓa yi wa Beethoven aikin sakatare, ya ce a'a, mai aikin gidansa ce takan zo karɓar kuɗin cefane na mako, shi kuma ya riƙa tambayarta ko dole ne. Sai dai Schindler mutum ne da bincike ya tabbatar a shekarun 1970 cewa ya cusa rubutun ƙarya da hannunsa a littattafan hirar nan bayan mutuwar maigidansa, don haka maganarsa sai an tace. Na uku shi ne Moritz Schlesinger, na gidan maɗaba'ar da ta sayi kiɗan. Shekaru da yawa bayan haka ya faɗi abin da ya tuna na wata wasiƙa da ta ɓace, inda Beethoven ya ce kashin ƙarshen ya ba shi wuya, ya kasa sa kansa ya rubuta shi, sai da wasiƙun tuni suka dame shi, shi ya sa ya sa masa wannan take. Ka lura, duka ukun a kan abu ɗaya suke kewaye: bashi, biya, aikin da aka karɓi alkawarinsa.

Wannan ya sa wasu ke cewa a daina kawo maganar ƙaddara da mutuwa. Ni ban yarda ba, kuma dalilina daga halin mutumin ne. A Afrilun 1825 ciwon ciki ya kwantar da shi har aka fara fid da rai. Da ya tashi, abu biyu ya rubuta a kan wannan ciwo ɗaya. Likitansa, Anton Braunhofer, ya samu kanon ta raha a wasiƙa, mai cewa likita ya rufe wa mutuwa ƙofa, kuma alamar kiɗa ma tana fid da mutum daga ƙunci. A Jamusanci kalmar alamar kiɗa da kalmar ƙunci harafi ɗaya ya raba su, da shi ya yi wasa. A cikin kiɗa mai lamba 132 kuma ya sa dogon kashi mai taken waƙar godiya ga Ubangiji daga wanda ya warke, wanda yana cikin abubuwa mafi nauyi da ya taɓa rubutawa. Ciwo ɗaya, wata ɗaya, alƙalami ɗaya. Mutumin da ke haka ba ya ajiye raha a wani ɗaki, baƙin ciki a wani. Da ya zauna a Gneixendorf, yaron da ya ɗauka ɗansa na zaune a gabansa da tabo a ka yana shirin barinsa, jikinsa na kumbura, maɗaba'a na jiran aiki, ban ga yadda za a yi ya rubuta "Dole ne?" da muryar calo ya kasance Dembscher kaɗai ke ransa ba. Ban kuma ga yadda za a yi ya ɗauko karin lalita ya manta daga ina ya fito ba. Tambayar da gaske yake yin ta, shi ya sa take da duhu. Amsar kuma da gangan ya bar ta da fara'arta ta asali, irin ta wanda ya gama jayayya da abin da ba makawa, ya zaro kuɗi ya biya.

A Nuwamba, yana can ƙauyen, ya cika wata shawarar mai wuya da ya yanke tun kafin su bar Biyana. Mai maɗaba'a Matthias Artaria ya roƙe shi ya cire wancan ƙaton kashin ƙarshe da ya ɗaure wa mutane kai daga kiɗa mai lamba 130, a buga shi daban, ya rubuta wani mai sauƙi a gurbinsa. Mutumin da aka sani da taurin kai ya amince, aka biya shi, ya rubuta. Wannan sabon kashi shi ne babban abu na ƙarshe da ya kammala.

A farkon Disamba suka kamo hanyar Biyana cikin tsananin sanyi, ya iso gida da ciwon huhu, bai ƙara tashi sosai ba. Daga kan gado ya aika wa Holz 'yar takarda yana neman ya zo, a ƙarshenta ya zana wata kanon ta muryoyi biyu, gajeriya ƙwarai, mai cewa dukanmu muna kuskure, sai dai kowa da irin nasa kuskuren. Ita ce ta 198 a kundin. Karl ya tafi bariki a farkon Janairu, ba su sake ganin juna ba. A watan Maris ƙungiyar makaɗa ta Landan ta aiko masa da fam 100 na taimako. Ya rasu ranar 26 ga Maris, 1827.

An buga kiɗa mai lamba 135 a cikin wannan shekarar, da tambayar da amsar a saman kashin ƙarshe yadda ya rubuta su. A watan Maris na 1828 aka fara kaɗa shi a Biyana, kuma waɗanda suka fara fitar da "Dole ne!" a gaban jama'a su ne makaɗan ƙungiyar Schuppanzigh, mutumin da aka nema wa fulorin 50 ɗin.